Muna neman litiyam a daji, muna zubar da shi a bola

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa a Kaduna suka jingine janareta suka koma sola. Mai hali ya sa inbata da batirin litiyam, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi fitila mai caji da fawa bank. Ga wayoyi a kowane aljihu, ga laftof ɗin 'yan makaranta. Kowannensu da batir a cikinsa, kuma kowane batir yana da wa'adi. Na waya daga shekara biyu zuwa uku ya fara rauni, wani ya kumbura har ya ɗaga murfi. Na sola mai kyau yakan yi kusan shekara goma. To idan ya gama aiki, ina muke kai shi?

Batirin mota, da na inbata irin na da mai ruwa, ba ya kwana a bola. Ɗan gwangwan zai ɗora shi a sikeli ya ƙirga maka kuɗinka, saboda dalmar da ke ciki tana da kasuwa. Yadda ake fasa shi a zubar da ruwan batir a ƙasa, wannan wani ciwon ne daban. Amma dai ana tattara shi, don yana da farashi. Shi kuwa ƙaramin batirin litiyam kuɗinsa bai kai wanda zai sa mutum ya ajiye shi ba, sai a haɗa shi da shara, ya tafi kwata ko bola, ranar da aka cinna wa bolar wuta ya fashe, yaran unguwa su shaƙi hayaƙin. Idan damina ta zo, abin da ya rage ruwa ya kwashe shi ya nufi kogin Kaduna da shi.

Abin da muke zubarwa kuwa dukiya ce. Cikin batirin waya ko na laftof akwai litiyam, akwai kobal, wani da nikel da manganis, ga siririn fallen jan ƙarfe da na alminiyam. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, wani ɓangarensa da hannu, a ramuka masu haɗari. Batir yana rauni ne saboda sinadaran cikinsa sun gaji da kai da komo, su ƙarafan suna nan yadda suke. A ƙasar Sin da Turai da Amurka akwai masana'antun da ke niƙa matattun batura su zama baƙin gari, su tace shi da sinadarai, su fitar da fiye da kashi 90 na kobal da nikel, a sake yin sabon batir da su. Tarayyar Turai ma ta mayar da abin doka a 2023: zuwa ƙarshen 2027 sai an riƙa dawo da rabin litiyam ɗin da ke cikin baturan da aka kai sarrafawa, zuwa 2031 kuma kashi 80.

Mu a nan hankalinmu yana kan wanda ke ƙarƙashin ƙasa. An buɗe matatar litiyam a jihar Nasarawa a 2024, a Kaduna ma an yi ta maganar ta Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi. Ba na adawa da haƙar ma'adinai idan an yi ta bisa ƙa'ida. Abin da ke damuna shi ne dutsen ya fita da arha, ya dawo mana a matsayin batir da tsada, mu mora 'yan shekaru, sannan mu jefa a wuta. Asara ta hau kanmu a farko, ta sake hawa a ƙarshe.

Kafin ma a kai ga niƙa, akwai matakin da ya fi kusa da mu, kuma yaranmu sun riga sun fara shi ba tare da kowa ya sa su ba. Na tsaya na kalli wani matashi mai gyara yana ɓare batirin laftof da aka ce ya mutu. Cikinsa ƙwayoyi shida ne masu kama da batirin tocila, irin waɗanda ake kira 18650. Ya ɗora mita a kan kowacce. Biyu sun faɗi ƙasa warwas, ya ware su gefe. Huɗun da suka rage ya yi musu caji har suka cika, mita ta nuna volt 4.2, ya rubuta lamba a jikin kowacce da alƙalamin maka, ya jera su a kwali ya ce sai bayan kwanaki zai sake aunawa, wadda ta zubar da cajinta tana zaune ba ta da amfani. Na ce masa, ƙanena, me ya sa ba ka haɗa su yanzu ka huta? Ya ce, "Yaya, ƙwaya ɗaya marar lafiya ita ke kashe sauran, kuma ita ke tayar da wuta." Waɗanda suka tsallake gwajin da su yake haɗa fawa bank da fitilar da mai shayi ko mai tireda zai kwana da ita. Wallahi wannan yaron ya fi burge ni a kan taruka da yawa da ake yi a otal da sunan kare muhalli.

Sai dai ba kowa ne irinsa ba, kuma dole a faɗi gaskiya. Akwai masu tara ƙwayoyi barkatai, sabuwa da tsohuwa, babu gwaji, su manna su da dalma har zafi ya ratsa cikinsu, su bar ɗan allon da ke hana caji wuce kima saboda rage kashe kuɗi, su naɗe da sabuwar leda su ce maka sabo ne dal. Wannan ha'inci ne, kuma ha'incin da zai iya cin rai. Wutar batirin litiyam idan ta tashi, ƙwaya ɗaya ce ke zafafa ta kusa da ita, ita ma ta kama, haka har su ƙare. Hayaƙinta guba ne, kuma takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Ku tuna yadda shagunan kasuwanninmu suke manne da juna, ku tuna iskar hunturu. Tsohon batir halal ne a sayar, amma a faɗa wa mai saye cewa tsoho ne, a faɗa masa ƙarfin da ya rage.

Haka batun na tokumbo, wato tsofaffin batura da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. A ƙasashen da motoci masu lantarki suka yawaita, ana sauke batirin mota idan ƙarfinsa ya koma kashi 70 zuwa 80, kuma irin wannan zai iya riƙe gida ko ƙaramin asibiti shekaru. Alheri ne idan an gwada shi kafin ya shigo. Idan ba a gwada ba, shara ce wani ya sauke mana muka biya kuɗin jirgi. Ƙasar nan ta ga irin haka a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu.

Ga inda nake ganin kasuwa kaɗai ba za ta fitar da mu ba. Yawancin manyan baturan sola da ake sayarwa yanzu wani nau'in batirin litiyam ne da ake kira LFP, ba su da kobal ba su da nikel. Sun fi aminci wajen wuta, sun fi daɗewa, amma idan suka mutu abin da mai sarrafawa zai samu a ciki kaɗan ne. Ke nan ɗan gwangwan ba zai bi su gida-gida ba, kuma ba laifinsa ba ne, neman abinci ya fito. Dole wani ya ɗora wa mataccen batir farashi, kuma wanda ya fi cancanta shi ne wanda ya shigo da shi ya ci riba. Hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, kuma tsarinta na ɗora wa mai ƙerawa da mai shigowa alhakin kayansa har ƙarshen rayuwarsu. Ina so in ga wannan ya sauko daga takarda ya iso shagon mai sola: ka kawo tsoho, a rage maka kuɗin sabo, shi kuma dila ya mayar wa kamfani.

Sauran abin da ake buƙata muna da shi. Muna da Panteka, inda ƙarfen da wani ya yar yake komawa murhu da injin niƙa. Muna da Kaduna Polytechnic, hedikwatar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ma a garin nan take. Me zai hana a tsara gajeren horo kan gwada ƙwayoyin batir da haɗa su, a ba wanda ya iya takardar shaida, mai saye ya san wurin wa zai je? Niƙawa da tacewa kuwa a bar wa masana'anta mai lasisi. Kada wani ya ji ana maganar kobal ya kafa tukunya a bayan gida. Yara kusan 400 gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, Allah ya jiƙansu, kada mu maimaita da wani ƙarfen.

A gida kuma, don Allah batirin da ya kumbura kada a huda shi da allura wai iska ta fita, kada a ba yaro ya yi wasa da shi, kada a jefa a murhu. A liƙe bakinsa da salatef, a sa shi cikin gwangwani mai yashi, a ajiye a inuwa nesa da gas da fetur.

Roƙona na musamman ga shugabannin ƙungiyoyin masu gyaran waya da masu sayar da kayan sola na Kasuwar Sheikh Gumi da Kasuwar Bacci da Kawo: ku ne kuke cire waɗannan batura da hannunku kullum. Ku ajiye durom mai murfi da yashi a kowane layi, ku hana yaranku zubawa a shara, idan ya taru ku je wa hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, KEPA, da maganar wanda zai kwashe da kuma nawa zai biya. Batir ɗaya a hannun mutum ɗaya babu mai tayawa, amma durom goma a hannun ƙungiya, kamfani zai zauna a yi ciniki.