Gargaɗin ambaliya ba ya tare ruwa

Duk shekara, tun ruwan shuka bai sauka ba, ake taruwa a Abuja a karanta hasashen damina, a jero jihohin da ambaliya za ta ci. Da wuya a karanta jerin nan babu Jigawa. Sai Satumba ta kama, shinkafa ta fara fitar da kai, gero ya kusa isa yanka, sannan a fito a rediyo ana cewa mazauna bakin kogi su koma tudu.

Wane tudun, fisabilillahi? Duk wanda ya san Auyo, Miga, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri ya san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Magidanci ya kwashi mata da yara da tsohuwar da ba ta iya tafiya, ga awaki, ga rumbu, ya nufi ina? Ƙarshenta a cusa mutane a ajin firamare, babu banɗaki, babu ruwan sha, sauro ya ci yara, zazzaɓi da gudawa su biyo baya.

Abin da ya fi ƙona min rai, ruwan nan ba kwatsam yake zuwa ba. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kuma kowanne da dam a kansa: Tiga tun 1974, Challawa tun 1992. In suka cika suka tumbatsa, ruwan yana kwanaki a hanya kafin ya iso mana. Ke nan akwai waɗanda suka san yana tafe. Me zai hana a kira dagatai da masu unguwanni a faɗa musu da Hausa cewa ruwa ya taso, ran kaza zai iso? A'a. Mu ne za mu kafa sanda a bakin gaɓa, mu je da asuba mu duba inda ruwa ya kai, mu ne za mu riƙa buga waya Wudil da Ringim muna tambayar 'yan'uwa, "Yaya kogi a wajenku?"

Ga kuma kachalla. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, maimakon ya gangara Nguru da Gashuwa sai ya fantsama cikin gonaki da gari. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, su fito su cinye ɗan abin da ruwa ya rage. Yashe kogi da gyaran jinga aikin rani ne, kowa ya sani. Amma sai ruwa ya zo wuya za ka ga samari da tsakar dare da tocila, ruwa iya ƙugu, suna ɗura yashi a buhunan da aka saya da kuɗin karo-karo.

Me ake jira a gani? A 2022 ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare, mutanen Maiduguri suka farka ruwa ya shigo musu ɗaki.

Bayan ruwa ya gama ɓarna kuma sai a zo da motoci da masu ɗaukar hoto, a miƙa wa mutum tabarma da 'yan kwanukan shinkafa. Wanda ya ci bashin taki da iri, gonarsa ta nutse gaba ɗaya, da tabarma zai biya mai bashi? Wallahi mun gaji da jaje. A kawo injin yasa tun Janairu, a sare kachalla, a ɗaga jinga, a tanadi wurin da mutane za su sauka da dabbobinsu.