Zango Ya Ƙare, Kuɗinmu Sun Tafi, 'Ya'yanmu Ba Su Iya Karatu Ba

Tura ta kai bango. Makarantar firamaren da ikilisiyarmu ta buɗe a nan Kaduna ta rufe zangon farko, kuma in akwai wanda zai tsaya gaban Allah da gaban jama'a ya ce an koya wa 'ya'yanmu karatu a wannan zangon, to ya fito ya faɗa. Ni dai abin da na gani biki ne bayan biki, takardar neman kuɗi bayan takardar neman kuɗi, da yara masu dawowa gida a galabaice ba tare da sun ƙaru da komai ba. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin ba tozarta ikilisiyata na zo yi ba. A cikinta aka yi mini baftisma, a cikinta aka ɗaura mini aure, har yau ina cikin zumuntar mata. Amma shirun da muke yi saboda kunyar dattawa shi ne yake cinye 'ya'yanmu, kuma na gaji da shi.

Zangon farko daga Satumba ne zuwa tsakiyar Disamba, wajen mako 13. Makon farko ya tafi a sharar fili da cire ciyawar damina, da jiran littattafan da aka ce ba su iso ba. Ana fara ɗan zama a aji, sai aka shiga shirin bikin godiyar kaka. Ana gama shi aka shiga shirin ranar al'adu, kowane yaro da kayan ƙabilarsa da kwanon abinci daga gida. Sai hutun rabin zango. Daga dawowa hutu kuwa zancen karatu ya mutu, domin an fara gwajin waƙoƙin Kirsimeti da wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, kullum bayan tara sai a kwashe yara daga aji a kai su majami'a. Ƙarshe aka ce makon bita, aka ce jarrabawa. Bitar me? Me aka koyar da za a yi bitarsa?

Kada wani ya juya mini magana ya ce ina ƙin addu'a. Don addu'ar da tsoron Allah na kai 'ya'yana makarantar, na tsallake wasu da suka fi ta kusa da gida. Ina so su haddace aya, ina so su san waƙoƙin da kakanninsu suka rera. Amma ku zo ku ga asambilin safe. Ƙarfe bakwai da rabi ake jera yara a fili. A yi yabo, a yi addu'a, a yi taken ƙasa, sannan wani ya karɓi lasifika ya shiga wa'azi irin na manya, ga yara 'yan shekara biyar da shida a tsaye cikin sanyin hunturu, leɓuna sun tsage, hanci na zuba, ƙura na shiga ido. Wani lokacin har kusan tara ba a watse ba. Darasin farko a jadawalin ɗiyata lissafi ne, shi ne kullum ake yankewa. Ashe ba za a iya yin addu'a mai kyau cikin minti goma sha biyar ba? Allah ba ya gajiya da jin mu, amma ƙafar yaro tana gajiya, kuma awar safe ita ce lokacin da kansa ya fi ɗaukar karatu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo bayan “Amin”. Nan take mai karɓar kuɗi yake fitowa da takarda yana kiran sunayen waɗanda iyayensu ba su gama biya ba, ɗaya bayan ɗaya, a gaban dukan makaranta. Su fito su tsaya gefe, kai a sunkuye. Sauran su shige aji, su kuma a zaunar da su ƙarƙashin bishiyar mangwaro kusa da ƙofa, mai gadi na tsaronsu har a tashi. Na ga wani ɗan aji biyu, ɗan wata gwauruwa da muke zumunta tare, ya rungume jakarsa a ƙirji yana leƙen tagar ajinsu. Uwarsa ƙosai take soyawa a bakin titi, ta biya fiye da rabi, ta roƙi a yi mata haƙuri zuwa ƙarshen wata. Me yaron ya yi? Shi ya ci bashin? Wasiƙar Yaƙub ta gargaɗe mu kan fifita mai kuɗi da wulaƙanta matalauci a cikin taro, ana karanta mana ita ran Lahadi, ran Litinin kuma a aikata abin da ta hana a harabar wannan majami'ar.

Kuɗin ma ba kuɗin makaranta ba ne kaɗai. Akwai na lesin, wanda aka mai da shi dole, yaro ya kai ƙarfe huɗu a makaranta da yunwa ana maimaita masa abin da ya kamata a koya masa da safe. Akwai na kwamfuta. Akwai rigar wasanni ta Laraba da wata rigar ta Juma'a, kuma ba a yarda ka kai wa telanka ba, sai a ofishin makaranta za ka saya. Littattafai kuwa irin waɗanda ake cike amsa a cikinsu ne, don kada ƙane ya gaji na yayansa, kuma duk shekara sai an sauya mawallafi. A watan Agustan 2025 gwamnatin Imo ta hana sauya littattafai kowace shekara, ta hana bikin yaye 'yan ajin reno, Binuwai ma ta ɗauki irin wannan mataki. Gwamnatoci sun ga zaluncin sun tsawatar, makarantar da ke ɗauke da sunan Almasihu ba ta gani ba. Har kuɗin tsaro muna biya, alhali katangar baya da ruwan Agusta ya kayar tana nan a kwance, an jingina mata tsohon kwano. A jihar nan tamu ta Kaduna da 'yan bindiga suka sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist a 2021, suka sace na garin Kuriga a 2024, wa zai yi wasa da katanga?

Na san rayuwa ta yi tsada, ba sai an gaya mini ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya tashi, alli da takarda da kuɗin Keke duk sun ninka. Da karatun ake yi, wallahi da na ƙara ɗaure ciki na biya ban ce uffan ba. Amma ku ji abin da na samu.

Ɗiyata tana aji uku. Katin sakamakonta ya zo cike da maki saba'in da tamanin, an rubuta cewa ta yi ƙoƙari ƙwarai. Na zaunar da ita na buɗe littafin Turancinta, ta fara zubo shafin farko tiryan-tiryan ba gargada, sai na lura idonta ba ya kan rubutun, yatsanta bai motsa daga layin farko ba. Na rufe hoton da ke saman shafin da tafin hannuna, na nuna mata kalma ɗaya a tsakiya. Shiru. Na nuna wata mai harafi uku. Ta dube ni, idonta ya ciko da ƙwalla. Hadda ce kawai ta yi, irin ta aku. Na ɗauko littafin rubutunta na darasin kwamfuta, shafi kan shafi ta kwafo daga allo game da sassan na'urar, rubutu tsaf-tsaf, malama ta sa hannu da jan biro, amma ko layi ɗaya ba ta iya karanta mini ba, kuma ta ce ba ta taɓa taɓa kwamfutar ba, ɗakin kullum a kulle yake wai babu wuta. Makin tamanin ɗin daga ina ya fito? Daga makon bita ya fito, inda ake rubuta wa yara tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu a allo su haddace. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ce da aka buga mata hatimin makaranta aka miƙo wa uwa.

Yayanta yana aji biyar, badi zai fuskanci jarrabawar shiga sakandare. Ya san sunayen littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki a jere, kuma ina murna da hakan. Amma raba 84 gida 4 ya gagare shi. Aikin gida kuwa da ake ba su ba na yara ba ne, na iyaye ne: a ce ɗan firamare ya je ya binciko abu a intanet ya bugo a takarda mai launi. Wanda ubansa ke da babbar waya da kuɗin data ya ci maki, wanda ba shi da su ya sha bulala.

Ban ɗora wa malamai laifin duka ba. Malamar ajin ɗiyata yarinya ce mai kirki, kuma ita ta gaya mini da bakinta cewa albashinta bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa hannu a kansa a 2024 ba, shi ma sai wata ya yi nisa ake biya. In ta yi magana a ce mata aikin Ubangiji ne, ladanta na sama. Ubangijin da kansa ya ce ma'aikaci ya cancanci hakkinsa. Shi ya sa malamai ba sa zama. Ajin ɗana ya sauya malamin lissafi a tsakiyar zango, wanda aka kawo ya gama sakandare ne kawai yana jiran samun gurbin jami'a, alhali ƙa'idar ƙasa ita ce mai koyarwa ya mallaki aƙalla takardar shaidar malanta ta NCE. Ɗan wani dattijon ikilisiya ne, shi ke nan cancantarsa.

Sannan ga tarar Hausa. Yaro ya yi Hausa a harabar makaranta, a rubuta sunansa, ya biya tara ko ya yi tsallen kwaɗo. A ikilisiyar da ake sujada da Hausa, ake wa'azi da Hausa, ake rera waƙa da Hausa, inda Bajju da Atyap da Gbagyi da Jaba suke haɗuwa su fahimci juna da Hausa! An hana yaro harshen da yake tunani da shi, ba a kuma ba shi Turancin ba, an bar shi a tsakiya ba ya karanta ko ɗaya. Gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa a 2022, ta janye maganar a ƙarshen 2025, mu makarantarmu ko gwadawa ba ta taɓa yi ba.

Abin kunyar shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan aiki. Makarantun mishan da karatu aka san su. Dakta Walter Miller, Baturen mishan, da mutanensa a Zariya da Wusasa da Hausa suka fara koya wa mutane haruffa, har aka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya yi firamare. Makarantun mishan na Gindiri da Kagoro da Garkida sun fitar da malamai da ma'aikatan asibiti da suka riƙe Arewa shekara da shekaru. Kakata ba ta wuce ajin koyon karatu na ikilisiya ba, a ƙasa suke zama, amma har ta tsufa da kanta take buɗe Zabura ta karanta, da kanta take rubuta wa 'ya'yanta wasiƙa. Dattawanmu har gobe suna kukan yadda gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, suna cewa daga nan ilimi ya lalace. To ga makaranta a hannunmu, babu gwamnatin da ta taɓa ta. Wa ya lalata wannan?

Na kai kukana ofishin shugabar makaranta. Na ce, “Mama, yarinyar nan ba ta iya karatu ba.” Ta ce, “'Yata, ki yi haƙuri, ki sa ta a addu'a, kowane yaro da lokacinsa.” Na ɗaga hannu a taron iyaye da malamai, aka ce lokaci ya ƙure, alhali an ɓata fiye da awa ɗaya ana gardama kan launin ankon bikin Kirsimeti. Bayan taro iyaye mata suka kewaye ni a bakin ƙofa, kowa na cewa nata ɗan ma haka yake, amma a cikin zaure babu wadda ta buɗe baki, don kada a ce tana yaƙi da aikin Allah.

Baba Rabaran, dattawan ikilisiya, ku ne hukumar makarantar nan, da ku nake. Ku rage asambili, ku mayar wa lissafi awarsa. Ku ɗauke gwajin waƙa da wasan kwaikwayo ku kai su Asabar ko makarantar Lahadi, inda dama can ne wurinsu. Ku daina kiran sunan yaro a fili kan bashin da ba shi ya ci ba, ku kira iyayensa ofis ku yi magana da su kamar 'yan'uwa. Ku biya malamai abin da zai riƙe su. Kafin a buga wa kowane kati hatimi, wani daga cikinku ya shiga aji uku da littafin da yaran ba su taɓa gani ba, ya kira su ɗaya bayan ɗaya su karanta masa layi biyu, ya ji da kunnensa abin da muke biya.

Takardar zango na biyu ta riga ta iso tare da katin sakamako. An ƙara kuɗin makaranta, an ƙara sabon kuɗin gasar wasanni, kuma an sanar cewa za a fara atisayen fareti tun makon farko na Janairu. Kuɗin makaranta zan biya, domin malamai su samu albashi. Na wasanni da na kwamfuta ba zan biya ko kwabo ba sai an zauna da mu iyaye an nuna mana jadawalin zangon, awa nawa ta karatu ce, awa nawa ta biki. In kuma aka zaunar mini da 'ya'ya ƙarƙashin mangwaron nan saboda haka, ran Lahadi zan miƙe a gaban ikilisiya lokacin sanarwa in faɗi duk abin da na rubuta a nan.