Wai Precision jitar tsofaffi ce?

Waɗanda suka zo atisaye daren Asabar sun ji abin da wani yaro mai kaɗa bas ya faɗa. Ya ɗauki jitata ta bas, wato mai kaurin sauti, ƙirar Precision, ya ɗan taɓa tsirkiya biyu, ya ajiye yana yatsina fuska, wai Precision ta tsofaffi ce, murya ɗaya gare ta, wai duk mai son ci gaba jitar bas ƙirar Jazz zai riƙe. Na haɗiye maganar a wurin saboda girman mai sitidiyon. Amma wallahi har yanzu abin yana ci mini rai.

Murya ɗaya gare ta, na yarda. To ai wannan muryar ita ce aikin. Mai bas ba shi aka zo kallo ba. Aikinsa ya haɗa kai da mai ganga su riƙe waƙa kada ta watse, kuma babu jitar da ta kai Precision iya wannan. Leo Fender ya fito da ita a 1951 a Kalifoniya, lokacin da masu bas ke fama da ƙatuwar goge ta katako da ake kaɗawa a tsaye. Ya jera mata ƙarafa a wuya domin yatsa ya sauka daidai inda sautin yake, daga nan ma sunan Precision, wato daidaito, ya samo asali. A 1957 aka raba fikof ɗinta, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai sifika, gida biyu, kowane ɓari yana kashe ƙugin ɗan'uwansa. Maɓalli biyu ne kawai, na ƙara da na kaurin murya. Ka jona, ka kaɗa, shi ke nan.

Za a ce mini Jazz ta fi daɗin riƙewa. Na sani. Ta fito a 1960 da siririn wuya da fikof biyu, mai ƙananan yatsu yana jin daɗinta, kuma idan kana kaɗa ta kai kaɗai a ɗaki kaifin muryarta yana burgewa. Amma waye yake biyan ka don ka kaɗa kai kaɗai a ɗaki? Je ka wurin biki inda janareta ke aiki, waya ta tsufa, ka rage fikof ɗaya na Jazz ka ji yadda sifika za ta cika da ƙugi kamar gidan zuma. Na gani da idona, mai haɗa sauti yana ta murɗa maɓallai yana zufa, amarya na jira. Tawa ba ta taɓa kunyata ni haka ba. Da piyano ya shigo, kalangu ya shigo, muryar mawaƙi ta hau sama, kaifin nan na Jazz yakan ɓace a tsakiyarsu, ita kuwa Precision tana nan daram, kana jin ta a ƙirjinka.

Za a kawo mini Jaco Pastorius da ya cire ƙarafan wuyan Jazz ɗinsa, a kawo Marcus Miller, a kawo Family Man Barrett na ƙungiyar Bob Marley, duk gwanayen bas masu riƙe Jazz. Ina girmama su, musamman Family Man, wanda ya danne kaifin tasa har ta yi nauyi. Amma ku saurari James Jamerson na kamfanin waƙa na Motown a Detroit. Precision ce a hannunsa, da yatsa ɗaya yake jan tsirkiya, kuma har gobe masu bas na duniya suna zaune suna koyon abin da ya kaɗa. Ga Duck Dunn a Memphis, ga Carol Kaye a Los Angeles, su ma Precision suka riƙe. Su ne tsofaffin da ake raina wa jita?

Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron yana da hannu mai kyau. Da zai zauna wata uku da jitar da ba ta ba shi wurin ɓuya, da ya gane cewa murya daga yatsa take fitowa. Ina son ya yi nisa, Allah ya sani.

Af, maganar Jamerson ta tuna mini. An san shi da ƙin canza tsirkiya sai ta tsinke. Ni ma tawa ta kusa shekara biyu, don kuɗin sabuwa yanzu ya fi ƙarfin talaka. Makon jiya na kwance su na tafasa a tsohuwar tukunya don muryarsu ta farfaɗo, uwargida ta shigo ta tarar da ni ina tsame su da cokali. Wanda ya san inda ake samun masu santsin nan, ba masu kaushi ba, ya taɓa ni ta akwatin saƙo don Allah.