Shin babba ba ya iya koyon sabon harshe?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar mutum ya wuce ƙuruciya ƙwaƙwalwarsa ta riga ta bushe, don haka koyon wani harshe ya fi ƙarfinsa. Wannan zato ba daidai ba ne. A binciken da Catherine Snow da Marian Hoefnagel-Höhle suka wallafa a 1978, sun bibiyi masu jin Turanci da ke koyon harshen Holan a ƙasar Holan, sai suka tarar cewa a watannin farko matasa masu shekara 12 zuwa 15 da manya sun fi ƙananan yara saurin kamawa. Inda yaro ya fi babba shi ne lafazi, domin wanda ya fara da wuri yakan yi magana kamar ɗan gari.

Abin da ya fi hana babba shi ne kunya da ƙarancin lokaci. Dubi ɗan kasuwar da ya sauka unguwar Sabo a Ibadan da furfurarsa: yana ciniki da Yarbanci kullum, idan ya karya kalma aka yi masa dariya sai ya tambayi daidai ya maimaita, domin buƙatar sayar da kayansa ta fi masa kunyar kuskure.