Labarin lakwal: a Maraɗi da ƙafa yake tafiya, a Liyon ta waya

Ranar Litinin ɗin da ta wuce wayata ta yi ƙara sau huɗu, duka daga manhajar makarantar ɗiyata. Saƙon farko ya ce an ga ƙwarƙwata a kan wani yaro a ajinsu, kowa ya duba kan ɗansa. Na biyu, ranar Alhamis za a kai su koyon iyo, kada a manta da hular roba. Na uku kuɗin abincin rana. Na huɗu kuma neman iyayen da za su tsaya a rumfunan wasa ranar bikin ƙarshen shekara, wanda a Maraɗi ma muke kira karmes. Na karanta duka ina tsaye cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Babu abin da ke faruwa a makarantar nan da ban sani ba, amma da za a tara iyayen ajin a ce in nuna gidan mutum uku, sai in yi zuru.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina Liyon, a ƙasar Faransa. Yarinyar tana CE2, wato aji uku na firamare, a wata makarantar Katolika ta unguwarmu, ni kuwa lakwal ɗin mishan na yi a Maraɗi, shi ya sa ban iya ganin ɗaya ba tare da na tuna ɗayar ba.

Mutanen gida kan yi mamaki idan na ce musu ajin ɗiyata cike yake da ƴaƴan Musulmi, ƴan Aljeriya da Maroko da Sanagal. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun dokar Debré ta 1959, makarantar kuɗi da ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Faransa, gwamnati ce ke biyan malamanta, ita kuma ta bi tsarin karatun ƙasa, ta karɓi kowane yaro ba tare da duba addininsa ba. Dokar 2004 da ta hana ɗankwali da sauran alamomin addini a makarantun gwamnati ba ta shafi irin waɗannan ba. Don haka iyaye da yawa suka ga gara wurin da ake ambaton Allah ko da ta wata hanya ce, da wurin da ambatonsa ya zama abin kunya.

Lissafin Baba daban ne. Ɗan kasuwa ne, a shekarun 1990 kuma ya gaji da ganin yara suna dawowa gida da hantsi saboda yajin aiki, malaman gwamnati suna wata da watanni ba albashi. Da ya kai ni wajen su Masera, matan cocin Katolika masu kula da makarantar, surutu ya tashi a zauren unguwa, har wani abokinsa ya tare shi bayan la'asar ya ce, "Alhaji, yaron nan fa za su juya maka shi." Baba ya ce, "Malam, da asuba yana gaban allonka, bayan magariba yana gaban allonka. In aka juya shi tsakanin nan, to karatunka za mu tuhuma." Ba a sake tayar da zancen a gabansa ba. Kuma ba wanda ya juya ni. Darasin addini na ƴaƴan Kirista ne, mafi yawansu ƴaƴan ma'aikata daga Benin da Togo da Burkina da kudancin Najeriya, mu kuwa mu ne muka fi yawa a kowane aji. A ƙasar da Kirista ba su kai biyu cikin ɗari ba, in ba da ƴaƴan Musulmi ba ai benci zai zauna babu kowa. Ko yankin bishop na Maraɗi sai a 2001 aka kafa shi, ya haɗa har da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa, aka naɗa Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina, a kansa.

A wancan zamanin jaridarmu ita ce bakin ƙofa. Mai gadi ne babban edita, mai ƙosai mataimakiyarsa, ƴan kabu-kabu kuma su raba labari unguwa-unguwa, daga Zariya zuwa Mokoyo zuwa Bagalam. Matar Mushe, wato malaminmu, ta haihu da daddare, kafin azahar iyayenmu mata sun haɗa sabulu da turmin atamfa sun tafi barka. Da layya Inna takan ware cinya guda ta ce in kai wa su Masera, da Nowel, wato Kirsimeti, kuma kwanukan shinkafa su shigo gidanmu daga gidajen abokan karatuna. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne rasuwar mahaifin wani ɗan ajinmu muna CM1, wato aji biyar. Darakta ya zo da malamai gaba ɗaya, Mompera, fadan cocin Katolika, yana cikinsu, suka cire takalma suka zauna kan tabarma a ƙofar gida. Da liman ya ce a yi fatiha, Mompera ya sunkuyar da kai ya yi shiru har aka shafa. Ba wanda ya aika masa takarda. A bakin mai gadi ya ji.

Bara irin wannan ta faru a nan. Mahaifin wata ƙawar ɗiyata ya rasu, makaranta ta turo layi biyu masu ladabi, da wurin da za a latsa a ba da gudunmawa. Na ba da abin da ya sawwaƙa, sannan na tambayi wata uwa a bakin ƙofa ina ne gidan, in je gaisuwa. Ta dube ni da tausayi, kamar wanda ya yi tuntuɓe, ta ce iyalin suna bukatar a bar su su kaɗai. Na koma gida jikina a sanyaye. A Maraɗi, gidan mutuwa da aka bari shi kaɗai, ai an yi wa mamacin shaidar da ba ta da kyau.

To amma kada son gida ya rufe mini ido. Akwai abin da Turawan nan suka fi mu, kuma ba ƙarami ba ne: komai nasu a rubuce yake, musamman kuɗi. Ƙungiyar iyaye, APEL, tana gama karmes za ta fitar da lissafi, ga abin da aka sayar, ga abin da aka kashe, ga littattafan da za a saya da ragowar. Cikin azuminsu na kwana arba'in kafin Ista akwai ranar da yara ke cin farar shinkafa kawai, rarar kuɗin abincin a ba mabukata, kuma sai an faɗa maka nawa aka tara da inda aka kai. A Nijar ma muna da COGES, kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye a kusan kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi, sai dai sau nawa uwa ke ganin lissafin jaka biyun da ta bayar? Labarin baki yana da daɗi, amma yana da ƴan gata. Wanda ke zama a majalisar da ta dace yana ji da wuri, bazawarar da ke can bayan gari sai an gama.

Takardar ma in ta zo, da Faransanci take zuwa. Yayata tana riƙon jikanta, tana biya masa makarantar kuɗi da cinikin ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa shiga aji ba. Yaron ya kawo takardar taron iyaye, ta ajiye ta ƙarƙashin faranti tana jiran mai karanta mata, ranar da aka samu mai karantawa taro ya kwana uku da wucewa. Ta kira ni tana faɗa. "Kai da ka yi boko, gaya mini, in sun rubuta da Hausa alƙalaminsu zai karye ne?" Na ce, "Yaya, ba zai karye ba." Tun 2025 ma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ban ga abin da zai hana darakta ya kafa baƙin allo a bakin ƙofa ba, a rubuta ranar taro da lissafin kuɗi da boko da ajami, sannan ya yi saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp, tunda ita ce rediyon kowace tsohuwa yanzu.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna Litinin 8 ga Nuwamba 2021, ranar da azuzuwan zana suka kama da wuta a wata makaranta a Maraɗi, yara sama da ashirin suka rasu, Allah ya jiƙansu. Labari ya bazu cewa lakwal ta ƙone, ba a ce wacce ba. Yaya ta fita ba takalmi, ta isa ƙofar makarantar jikanta ta tarar da iyaye cunkus, kowa na kiran sunan ɗansa, alhali wutar tana wata unguwa. Ni ina nan ina buga waya ba a ɗauka. Ranar da murya ɗaya da aka yarda da ita ta ce "yaranmu lafiya lau", da an rage wa ɗaruruwan iyaye awa biyu na tashin hankali.

Manhajar nan ta Liyon kuwa ba na yi wa Maraɗi fatanta. Na ga yadda take sa uba ya ji ya sauke nauyi don ya latsa "na gani". Allo da saƙon murya sun isa, sauran a bar wa mai gadi da mai ƙosai.

Gidan rasuwar nan dai na je daga baya, ban ji shawarar da aka ba ni ba. Ɗiyata ce ta nuna mini ƙofar. Maiɗakina ta dafa shinkafa da miyar gyaɗa, na hau bene na uku da kwano a hannu, na ƙwanƙwasa. Matar ta buɗe, ta tsaya tana kallona, ni ma duk Faransancin ta'aziyyar da na shirya ya gudu. Ta karɓa, ta yi godiya, ban shiga ba. Bayan mako guda kwanon ya dawo cikin jakar makarantar ɗiyata, an wanke shi, da gutsuren kek naɗe a takarda a ciki.