Kujerar Sarki Arthur ta ƙi zama a bargona

A babban zauren Winchester da ke Ingila akwai wani teburi mai da'ira rataye a bango, faɗinsa mita 5.5. Almara ta ce na Sarki Arthur ne da jarumansa, amma katakon na ƙarni na 13 ne, fentin kuma na zamanin Sarki Henry na Takwas: tsagi 24 na jarumai, kore da fari, sai mazaunin sarki daga sama, fure a tsakiya. Shi na ɗauko zan fitar a tsakiyar bargon haɗe-haɗen ƙyalle.

Rular yanka da nake da ita mai kusurwa digiri 15 ce. Jarumai 24 sau 15, an tashi digiri 360 cif, cikakkiyar da'ira. Na yanka kore 12, fari 12, na haɗa a keke da bakin ɗinki milimita 6. Sai na tuna ai sarki ma zai zauna, na cusa masa nasa ƙyallen ja. Digiri 375 ke nan! Teburi ya ce bai san zancen kwanciya ba. Na danne nan, can ya tashi. Na sa dutsen guga da tururi, ashe gefen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi in ya ji zafi. Abu ya ƙara tattarewa.

Na ƙara zurfin ɗinki ko'ina daidai wa daida. Aikin banza: hakan rage girman da'irar kawai yake yi, kusurwa tana nan daram. Da na fusata na shiga cin bakin waje da ido, har ƙari ya wuce. Tsakiya ta tashi tsiri. Maigida ya leƙo ya ce, "Hajiya, malfar nan ta waye?"

Tsagi 25 digiri 14.4 kowanne yake so, kuma rulata ba ta san wannan ba. A kwali za a zana: a buɗe kamfas santimita 20, a ja baka, a auna santimita 5 a kanta, a haɗa ɗigon biyu da tsakiya, sannan a ƙara milimita 6 kowane gefe. A sa wa yadin sitaci kafin yanka. A haɗa biyu-biyu, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Guga kuwa dannawa ake yi a ɗaga, ban da ja. Ramin tsakiya furen zai rufe shi.

Wancan mai tsirin da na fara ɗinkawa yana kan kwandon burodi, ƙuda ba ya shiga.