Masar na neman sayar da shirun Dutsen Sina'i

Tun da kotun ɗaukaka ƙara ta Isma'iliyya ta yanke hukunci a watan Mayun 2025 cewa filayen Santa Katarina, gidan sufayen Kirista da ke gindin Dutsen Sina'i, na gwamnatin Masar ne, sufayen izinin amfani kawai gare su, muhawara ta tsaya a kan takardun fili. Girka, wadda sufayen ke bin ɗariƙar cocinta ta Orthodox, ta fusata, Alƙahira ta yi ta rantsuwa ba za a taɓa wurin ba. Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne otal-otal da manyan tituna da ake ta zubawa a gindin dutsen da Annabi Musa ya yi munajati, da sunan wai yawon buɗe ido na ruhi. Har maƙabartar Larabawan Jabaliyya, waɗanda suka yi ƙarnoni suna maƙwabtaka da sufayen, an tona domin a yi wurin ajiye motoci.

Duk wanda ya zana wannan aiki bai san mutanen da ya ke son yin kasuwa da sunansu ba. Antoniyos, wanda ake ɗauka uban sufayen hamada, ya rabar da gonakin gadonsa wajajen shekara ta 270, ya shige wani kangon sansanin soja ya yi kusan shekara 20 a ciki. Da jama'a suka gano shi suka fara tururuwa, sai ya ƙara nausawa can wani dutse kusa da Bahar Maliya. Arsaniyos a fadar Sarkin Rum Tiyodosiyos yake, yana koyar da 'ya'yan sarki, ya bar wannan daula ya koma kwarin da a yau ake kira Wadin Natrun. Babban limamin Iskandariyya ya aika yana son ziyartarsa, ya amsa cewa in ya zo zai buɗe masa, amma in ya buɗe masa dole ya buɗe wa kowa, daga nan kuwa shi ba zai ƙara zama a wurin ba. Limamin ya fasa zuwa. Wannan shugaban addini ke nan, ya fi injiniyoyin yau kunya.

Gidan Santa Katarina da Sarkin Rum Jastiniyan ya gina a Sina'i a ƙarni na 6 magajin waɗannan mutane ne, kuma jarinsu kaf shi ne halwa. Mutum ya zauna a ɗan ɗakinsa, yana saƙa kwando da kaba, yana cin busasshen burodi da gishiri, yana kokawa da zuciyarsa. Wani matashi ya je wurin Abba Musa, ɗaya daga cikin sufayen hamada, baƙar fata, tsohon ɗan fashi da ya tuba, yana neman nasiha. Ya ce masa, je ka zauna a ɗakinka, ɗakin zai koya maka komai. Wata rana aka kira shi zaman hukunta wani sufi da ya yi laifi. Ya zo ɗauke da kwando mai huji cike da yashi a bayansa, yashin na tsiyaya. Aka tambaye shi, ya ce zunubaina ne ke zuba a bayana ban gani ba, ga ni na zo yi wa wani shari'a. Nan zaman ya watse. Irin wannan ilimi ba a ɗora shi a motar 'yan yawon buɗe ido, ba a samunsa tsakanin ɗaukar hoto da abincin rana.

Za a ce aikin zai samar da ayyukan yi, sufayen ma ai suna karɓar baƙi. To akwai bambanci tsakanin baƙon da ka karya azuminka dominsa da ayarin da aka sayar wa tikiti.

Kada wani ya ce wannan matsalar Kiristoci ce. A cikin katangar gidan akwai masallaci tun zamanin Fatimiyawa, kuma sufayen na riƙe da kwafin takardar amana da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW). Aya ta 82 a Suratul Ma'ida ta ambaci malamai da ruhubanawan Nasara da cewa ba sa girman kai. Sarakunan Musulmi sun zo sun shuɗe, sun bar wurin yadda suka same shi. Abin takaici ne a ce abin da ya tsira daga yaƙe-yaƙe na kusan shekara 1,500 siminti ne zai ci shi, a ƙarƙashin idon UNESCO da ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 2002.

A dakatar da gine-ginen, a mayar da otal-otal nesa da kwarin, a saurari sufayen da Jabaliyya. Mai son ganin Ɗuri Sina ya hau da ƙafarsa cikin dare, kamar yadda masu ziyara suka saba, ya iske fitowar rana a ƙololuwa.